Nababa da Shayin Jirgin Ruwa

Ranar da Naziru ya dawo daga teku, tun asuba ake yayyafi. Ba ruwan kirki ba ne mai cika kududdufi, irin na ƙarshen damina ne, siriri, wanda ba ya hana mutum fita, ba ya kuma barinsa ya bushe. Gero ya yi kai a gonakin Ɗorawa Biyu, ya sunkuya, amma da sauran kamar mako uku kafin a sa masa hannu. Gari ya yi tsit, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan kwaɗi daga bayan masallaci.

Nababa mai shayi yana zaune a zaurensa, ya miƙe ƙafa, yana kallon gindin ɗorawar da teburinsa yake. Teburin na nan, an lulluɓe shi da leda an danne da duwatsu. Bencin nan biyu an jingine su a jikin itaciyar. Babbar butarsa kuwa tana kife a gefensa, wata uku ke nan ba ta ga wuta ba.

Haka yake yi kowace shekara. A Fagge ya koyi shayi, a hannun wani mutumin Agadas, lokacin da yake zuwa Kano ci-rani yana saurayi. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo gida ya riƙe gona, ya auri Hure, ya kafa tebur a bakin hanyar da ta miƙe zuwa Tsanyawa. Mutum ne marar yawan magana. Sai ya yini yana zuba shayi bai faɗi abin da ya wuce amsa gaisuwa ba. Amma yana da yadda yake ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin wani, ya zubo dogo kamar zare, ko ɗigo ba ya faɗuwa ƙasa, kuma ya san bakin kowa: wane ba ya son zaƙi, wane sai an ƙara masa citta. A teburin nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa, da inda taki ya sauka, da wanda saniyarsa ta shiga gonar wani. Shi dai nasa sauraro ne. Hayaniyar mutanen nan ita ce abincinsa.

To, amma da damina kuɗi yakan ɓace a ƙauye. Abin da ke hannun manomi ya tafi wajen taki da iri da 'yan ƙwadago. Mutanen da suka saba zama a bencinsa sai su riƙa saɓa fartanya suna bi ta bayan masallaci, don kada su haɗa ido da shi. Ganin dattawa suna kewaye hanya saboda shi ya fi masa ciwo a kan rashin cinikin. Shi ya sa da an gama shuka yakan kife buta, ya huta, su ma su huta, har sai sabon gero ya shigo gida. A watannin nan, in ji Hure, ko tuwon kirki ba ya ci, rediyo ma ba ya kunnawa.

Naziru shi ne ɗansu na uku. Ya fara aikin otel a Kano, daga nan Legas, daga can wani kamfani ya ɗauke shi aiki a jirgin ruwa irin na masu yawon shaƙatawa. Shekara biyu ba a gan shi ba, sai dai muryarsa a waya. Ranar nan ɗan acaba ya sauke shi a ƙofar zaure, jakarsa duk ta jiƙe. Bayan an gaisa, an yi ta sa masa albarka, sai ya leƙa waje ya ce, "Baba, ni fa tun daga Legas shayinka nake marmari."

Nababa ya nuna masa kifaffiyar buta da haɓa. "Tana hutun damina. Shiga wajen innarka, akwai kunu."

Bayan la'asar Malam Hadi ya zo yi wa yaro barka da zuwa. Hadi taubashin Nababa ne, tare suka taso, dogo ne mai murya kamar ganga, kuma tun suna yara bakinsa bai taɓa barin Nababa ya huta ba.

"Kai ɗan nan, da gaske ne garin naku a kan ruwa yake, babu ko filin shanya barkono?"

"Baba Hadi, bene ne a kan bene, ya fi hawa goma. Mutanen da ke ciki sun ninka na garin nan."

"To kai me kake yi a ciki? Tuƙi?"

"Sana'ar Baba nake yi. Shayi, gahawa, lemo, ruwan 'ya'yan itace. Wajen giya daban yake, tun farko na ce kada a kai ni can."

Hadi ya tafa hannu. "Ashe gado ka tsallaka teku ka je yi! Nababa, ɗanka ya kai kifaffiyar buta Turai."

Naziru ya yi dariya, ya zaro wani abu daga aljihun jaka: warwaro ne na roba, shuɗi, mai laushi. Ya ce tsaraba ce ya kawo don a gani. Ya ce kafin mutum ya shiga jirgin yana iya biyan kuɗin abin shansa na dukan tafiyar gaba ɗaya. In tafiyar kwana bakwai ce, na bakwai zai biya, ba a yankar masa kwana uku. Sai a sa masa wannan a hannu. Daga nan duk inda ya zauna ya ɗaga hannu, mai rabo ya ga robar, sai ya kawo masa. Ba ciniki, ba neman canji.

"Ko kofi nawa?" in ji Hadi.

"Ko kofi nawa."

"A kai ni jirgin nan. Wallahi kwana biyu za su tsaya su sauke ni a tsakiyar ruwa."

"Haka kowa yake ji ranar farko, Baba Hadi. Ran nan ya sha goma. Kashegari ya sha shida. Rana ta uku jirgi ya tsaya a wani gari, ya sauka yawo, bai sha komai ba. Ciki ai ba rumbu ba ne. Masu jirgin sun san haka, shi ya sa ba sa faɗuwa. Amma fa akwai doka. Kofi ɗaya ake ba ka, sai ka shanye, ka ɗan jira, sannan a ƙaro. Babbar dokar kuwa ita ce ba ka miƙa wa wani. Aka kama ka ka miƙa, a yanke robar, kuɗinka ya tafi ke nan."

"Ko matarka?"

"Ko matarka. In tana so ta biya nata."

"Allah ya kyauta," in ji Hadi, ya gyara hula.

Nababa bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Warwaron nan yake ta juyawa a tsakanin yatsunsa. Can sai ya ce, a hankali, "Wato suna karɓa lokacin da mutum yake da shi, su ba shi lokacin da yake so."

"Haka ne, Baba."

 Daga baya Hure ta ce ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Da aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, teburi ya dawo da rai, sai wata safiya Nababa ya yi gyaran murya. Wannan kaɗai ya isa kowa ya yi shiru, don ba a saba ba. Ya ce duk wanda ya kawo masa dami biyu na gero yanzu da ake cikin kaka, to daga ranar da ruwan shuka ya sauka har ranar da za a ci tumu, wato sabon geron da ake gasawa, shayinsa na safe yana nan, ko kofi nawa ne. Burodi ba ya ciki. Ya ce, "Ni kuma na yi alkawari wutar nan ba za ta mutu ba, in Allah ya ba mu rai."

Aka yi ta muhawara kwana da kwanaki. Wasu suka ce Nababa ya tsufa ya fara ruɗewa, wasu suka ce wayo ne irin na Turawa. Hadi ne ya fara kawo nasa, ya jefar a ƙofar zaure, ya ce, "Ga shi nan, ni zan karya ka." Bayansa mutum kamar ashirin suka biyo. Ba wanda zai yarda ya sa warwaro a hannu kamar amarya, don haka Hure, da yake tana saƙar faifai, ta rina kaba ta ɗaura wa mariƙin kowane kofi nasa launin: na wane ja, na wane kore, na wane ja da baƙi. Aka kafa katako a jikin ɗorawa, aka buga ƙusoshi, kowane kofi da wurin ratayarsa.

Ranar da Naziru zai koma, ya ja mahaifinsa gefe. "Baba, dokar nan ta hana miƙawa ita ce ƙashin bayan abin. In ka sake ta, kai za ka kwana ciki."

Nababa ya gyaɗa kai. Ya sa warwaron a mariƙin buta.

Geron ya zauna a rumbu har bazara, lokacin da ya yi daraja. Sannan ya kai shi kasuwar Tsanyawa, ya dawo a ƙaramar bas da buhun sukari da ganyen shayi da madara, ya jibge a ɗakin Hure.

Kai, farkon daminar nan ba a mantawa da ita a Ɗorawa Biyu. Ana idar da sallar asuba sai ka ga fartanyu jingine a jikin itace, mutane a jere a benci, kowa da kofinsa mai kaba, tururi yana tashi cikin sanyin ruwan da aka kwana yi. Ba mai laluben aljihu, ba mai sunkuyar da kai. Kamar yadda Naziru ya faɗa, haka aka yi. Ranar farko Hadi ya sha kofi biyar don mugunta, ya yini yana ajiye fartanya yana zagayawa bayan gona. Kafin mako ya koma biyu. Wasu ma ɗaya suke sha su tashi. Hure ta fara jin rediyo a zaure.

Ana cikin noman farko, wata safiya Basiru ya biyo ta wurin. Basiru magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, gonarsa a kwari take, ruwa ya cinye ta a shekarar da ta wuce, bai samu abin da zai kawo dami ba. Ya yi sallama zai wuce. Hadi ya ɗaga kofinsa ya ce, "Bismillah, Basiru."

Ka san yadda abin yake. Ba a kai abu baki a gaban mutum ba a yi masa tayi ba. Shi kuma wanda aka yi wa tayin ya san amsarsa: ya ce alhamdu lillahi, a sha lafiya, ya wuce abinsa, don ya san kofin ɗaya ne, kuma da guminsa mai shi ya saya. Basiru ya buɗe baki zai faɗi haka, Hadi ya tare shi.

"Karɓi mana, malam. Wannan na jirgin ruwa ne, ba ya ƙarewa. Ka shanye a ƙaro min."

Basiru ya ɗan tsaya. Da ganin leɓensa ka san bai karya ba. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Nababa ya gani. Ya duƙar da kai ya tura gawayi da sanda, kamar wutar tana da wata matsala. Da aka miƙo masa kofin, ya cika.

Daga nan zance ya canja. Shekara da shekaru kunyar karɓa ce take riƙe da tayin nan. To yanzu kowa ya san mai tayin ba ya rasa komai, sai kunyar ta gudu. Aka ce maka bismillah, sai ka zauna. 'Yan ƙwadago suka gane hanya. Suruki ya zo gaisuwa, a kawo shi gindin ɗorawa. Masu wucewa kasuwa su tsaya su sha da kofin ɗan uwansu. Kofi ɗaya mai jan kaba sai ya bi baki huɗu kafin ya koma ƙusa. Wani Kamaruddeen ma da filas ya zo, wai matarsa tana jego, a juye masa rabonsa na yau da na gobe. Nababa ya juye. Kullum yakan yi niyyar magana, kullum sai ya fasa.

Ana shiga maimai, wato noma na biyu, Hure ta kira shi ɗaki ta nuna masa. "Malam, dubi buhun nan. Ya durƙusa."

Ya duba. Buhun sukarin da yake tsaye kamar mutum ya zube, madara saura kaɗan. A waje kuwa gero bai ko ɗauki ciki ba. Da sauran wata biyu kafin tumu. Ya karɓi geron mutane, ya yi alkawari a gabansu da bakinsa, kuma alkawari kaya ne. In aka ci gaba a haka, ba zai kai rabin hanya ba zai kife buta, a ce Nababa ya ci geron jama'a ya kashe wuta.

Ya hau tudun bayan gari inda waya take kamawa, ya kira Naziru. Muryar yaron tana zuwa tana yankewa. "Baba, ai na gaya maka. Doka kawai. Ba wata hanya."

Kashegari da safe, bayan ya cika wa kowa kofinsa, ya yi gyaran murya. Bai dubi kowa ba, buta yake kallo. "Jama'a, daga yau kowa kofinsa bakinsa. Ba miƙawa. Haka dokar take a inda abin ya fito."

 Aka ci gaba da kurɓa a hankali. Sai ga Basiru ya ɓullo daga lungu da fartanyarsa, yana murmushi tun daga nesa, ya yi sallama.

Aka amsa ciki-ciki. Manya-manyan mutane, masu furfura a gemu, kowa ya rasa inda zai sa ido. Wannan ya juya yana duban gero. Wancan ya ɗauki fartanyarsa yana duba bakinta kamar yau ya fara ganinta. Hadi kuwa, ba tare da ya sani ba, sai ya ga ya tura kofinsa cikin hannun riga. Ba wanda ya ce bismillah. Basiru ya dubi wannan, ya dubi wancan, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ce, "A tashi lafiya," ya ƙara sauri.

Hadi ya zaro kofin daga hannun riga, ya daɗe yana kallonsa har ya daina tururi. Sannan ya tashi ya ajiye shi a kan tebur, a cike.

"Nababa, tun muna yara nake zaginka kana dariya. Yau ba zagi zan yi ba. Na haura sittin a duniya, ban taɓa ɓoye abin sha a hannun riga ba sai a teburinka. Riƙe gerona, na yafe maka."

Ya saɓa fartanya ya tafi.

Kashegari rabin benci ne ya zo, su ma a tsaitsaye suka sha, kowa yana leƙen hanya kada wani ya ɓullo. Rana ta uku mutum biyu. Rana ta huɗu Nababa ya hura wuta, buta ta tafasa, kofuna suna rataye a ƙusa iska tana kaɗa su. Daga inda yake yana hango mutanen da suka biya geronsu suna bi ta bayan masallaci. Yanzu kam sukari zai isa har tumu, har ya yi saura. Ya zauna shi kaɗai da cikakkiyar buta har rana ta ɗaga, sannan ya sauke ta.

Da azahar Hure ta kawo masa fura, da ta dawo ta ga bai taɓa ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Ba ta dube shi ba ta ce, "Malam, wai shayi ka yi wa mutane alkawari, ko madara?"

Ya ɗago kai.

"Ina da citta, ina da kanumfari. Na'a-na'a ga ta nan ta cika bayan randa, awaki ma sun gaji da ita. Mazarƙwaila kuma ba ta kai sukari tsada ba."

"Ko ita sai da abin saye."

Hure ta ci gaba da tsinkar zogale. Ragon da yake turke a tsakar gida ne ya yi kuka. Shekara guda Nababa yana kiwonsa da dusa da harawa, don layya. Suka dube shi su biyu. Nababa ya ja ƙwaryar fura ya sha.

Ranar kasuwar Tsanyawa ya tafi da rago, ya dawo da igiya a aljihu. Ya sauke curin mazarƙwaila da ganye, da wani farin kofi babba, sabo. Bai ko zauna ba ya nufi gonar Hadi. Ya same shi a duƙe a tsakiyar kunya.

"Sannu da aiki."

"Yawwa, sarkin jirgin ruwa. Ka zo yanke min roba ne?"

"Na zo in gaya maka kofinka ya yi ƙura."

"Bar shi ya sha da kansa, tunda ba a miƙawa."

"Gobe ka zo. In ba ka ga abin da ya yi maka ba, ka zage ni a gaban jama'a."

"Wannan ai ko ba ka gayyace ni ba." Hadi ya miƙe yana dafe da ƙugu, sai idonsa ya kai kan igiyar da ta leƙo daga aljihun Nababa. Ya san igiyar. Ya dubi fuskar taubashinsa, ya sake duban igiyar.  Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Daga nan Nababa ya gangara kwari wajen Basiru. Abin da suka faɗa wa juna ba wanda ya ji. An dai ga Basiru ya rako shi har bakin hanya.

Da safe Hadi ya bi gida-gida ya koro mutane kamar mai kora awaki. Da suka zauna, Nababa ya fara cika farin kofin nan kafin na kowa, ya ajiye shi a bakin tebur. Ba kaba a mariƙinsa.

"Wannan ba na kowa ba ne," in ji shi. "Na bismillah ne. Kowa ya yi tayinsa yadda ya saba. Wanda ya amsa, da wannan zai sha, in ya ƙare in ƙara. Madara kuma ta tafi, sai baɗi."

Hadi ya kurɓi nasa, baƙi wuluk, citta ta kama shi a maƙogwaro, ya yi tari har hawaye. "Wannan ai ruwan tekun ne da kansa!" Ya share ido, ya miƙe tsaye, ya nuna farin kofin da yatsa, ya ɗaga muryar nan tasa yadda har matan cikin gida suka ji. "Jama'a, ku sani, ragon layyar Nababa ne a cikin kofin can. Mai sha ya sha da tsoron Allah."

"Hadi, wa ya aike ka?"

"Ba ka ce in zage ka a gaban jama'a ba?"

Aka fashe da dariya. Ana cikin dariyar Basiru ya iso, ya yi sallama, baki ashirin suka haɗu suka ce masa bismillah, har tsuntsayen kan ɗorawa suka tashi. Ya ɗauki farin kofin da hannu biyu ya zauna a ƙarshen benci.

Maganar Hadi ta zaga gari kafin azahar, kuma ita ce ta yi aikin da doka ta kasa. Da mutane suka san abin da ke cikin kofin na wani ne, har rago ya tafi a kansa, sai kunya ta dawo mazauninta. Wanda ya karya a gida, aka yi masa tayi, sai ya ce alhamdu lillahi, a sha lafiya, ya wuce. Wanda cikinsa yake kuka ne kawai yake miƙa hannu, shi ma ba mai kallonsa. Filas ɗin Kamaruddeen bai sake fitowa ba, ko da yake ya daɗe yana ƙorafin cewa shi da madara aka yi ciniki, kuma shekarar da ta biyo bai kawo dami ba.

Ba wai abin ya wadata ba ne. Makon ƙarshe shayin ya yi tsarara har kana hango gindin kofi, zaƙin ma sai ka yi masa kyakkyawan zato. Layya kuwa a shekarar sai dai maƙwabta suka aiko wa gidan Nababa da nama, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya yi aure. Amma kowace safiya hayaƙi ya tashi a gindin ɗorawa. Ranar da gero ya nuna, Basiru ne ya zo da kawuna shida na farko daga kwarinsa, ya ɗora su a kan gawayin Nababa. Suka gasu, aka murje, aka bi kowa da shi a tafin hannu. Nababa ya watsa nasa a baki, ya tauna a hankali, ya ɗaga buta ya girgiza. Da ɗan saura a ciki.

Kakar nan, da aka zo kawo dammuna, ba wanda ya yi shela, amma kowa ya ɗora 'yan kawuna a kan nasa ya ce na farin kofi ne. Naziru ya ce ya ba wani babbansu a jirgi labarin, mutumin ya girgiza kai ya ce wannan tsarin ba zai taɓa yiwuwa ba. Nababa ya ce, "Gaya masa yana da gaskiya. Sai da ya ci rago."

Damina tara aka yi a haka a hannunsa. A ta bakwai Malam Hadi ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kofinsa mai jan kaba ba a ba kowa ba, kuma tun daga ranar teburin ya rage ƙara. Naziru ya bar jirgi, ya yi aure, yana aiki a wani otel a Kano. Matasan yanzu da yawa a gida suke dafa nasu, wasu kuma sun tafi birni, ƙusoshin katakon nan rabi ba kofi a jikinsu.

Nababa yana nan da ransa a Ɗorawa Biyu, shi da Hure. Hannunsa yana rawa, ba ya iya ɗaga kofi sama ya tsiyayo, don haka shekara biyu ke nan ya miƙa wa Basiru buta. Kullum bayan asuba yakan dogara sanda ya zo ya zauna a ƙarshen benci. Farin kofin yana bakin tebur, shi ake fara cikawa. Shuɗin warwaron kuma yana nan a mariƙin buta, hayaƙi ya mai da shi baƙi.